Rarar kuɗin wuta da gas a Birtaniya: ajiya ce ko bashi?

A Birtaniya yawancin gidaje ba sa biyan kuɗin wutar lantarki da iskar gas gwargwadon abin da suka sha a kowane wata. Abin da aka saba shi ne, kamfani ya ƙiyasta abin da gida zai sha a shekara guda, ya raba kuɗin gida goma sha biyu, sannan ya riƙa cirar kaso ɗaya daga asusun bankin mai gidan kowane wata bisa izinin da ya ba shi tun farko. Dalilin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya san yanayin ƙasar. A watannin Disamba, Janairu da Fabrairu tukunyar ɗumama ɗaki kusan ba ta hutawa, alhali a Yuni da Yuli gas ɗin da ake ƙonawa bai wuce na girki da na ruwan wanka ba. Da za a ce kowa ya biya abin da ya sha a watan da ya sha shi, da kuɗin hunturu ya gagari masu albashi da yawa. Saboda haka a lokacin zafi mai gida yana biyan fiye da abin da ya sha, kuɗi su taru masa a asusunsa na kamfanin, idan sanyi ya shigo kuma a riƙa zaftare su har su ƙare.

A ɗauki misalin gidan da aka ƙiyasta zai sha wuta da gas na fam 1,800 a shekara. Za a riƙa cire masa fam 150 duk wata. Idan a watan Yuli abin da ya sha bai wuce na fam 80 ba, fam 70 sun zama rara, kuma haka za ta yi ta taruwa har zuwa wajen Oktoba, inda takan kai ƙololuwa. A Janairu kuwa, idan ya sha na fam 240, sai a cike giɓin fam 90 daga abin da ya tara. In lissafi ya tafi daidai, zuwa Afrilu ko Mayu asusun zai dawo kusa da babu, ba a bin sa, shi ma ba ya bi. Matsalar tana farawa ne a gidan da hunturu ya wuce amma har yanzu takardar kuɗinsa tana nuna rarar fam ɗari huɗu ko ɗari biyar, ga kuma watannin zafi suna tafe da za su ƙara ɗora wasu a kai.

Mutane da yawa suna kallon wannan rara a matsayin ajiya, har suna samun natsuwa idan suka ga adadin yana hawa. Amma kamfanin makamashi ba banki ba ne, kuma asusun lamunin da ke biyan masu ajiya idan banki ya karye a Birtaniya bai shafi wannan kuɗi ba. Da zarar an cire kuɗin daga asusun mai gida, sun shiga lalitar kamfani tare da sauran kuɗaɗensa, yana iya sayen gas da su a kasuwa, ya biya ma'aikata, ya yi talla, ko ya rage farashi don ya jawo sababbin abokan ciniki. Abin da ya rage wa mai gidan shi ne lamba a kan takarda da alkawarin za a biya shi. Kamar mutumin da ya bar kuɗinsa wurin mai kantin unguwa don ya riƙa ɗaukar kaya a hankali ne, mai kantin kuma ya zuba su cikin jarinsa: muddin kanti yana buɗe babu wanda zai ga aibun abin, ranar da aka rufe shi ne mai kuɗin zai gane cewa bashi ya bayar, ba tare da jingina ba kuma ba tare da shaidar da ta wuce littafin mai kantin ba.

Hukumar Ofgem, wadda ke sa ido kan kasuwar wuta da gas a Ingila, Sikotland da Wales, ta san da wannan tun kafin abin ya ɓaci. A watan Maris na 2021 ta bayyana cewa bincikenta ya nuna kamfanoni na riƙe da rarar da ta kai fam biliyan 1.4 fiye da abin da ake buƙata don cike giɓin hunturu, ta kuma kawo shawarar a tilasta musu mayar wa kowane gida rararsa sau ɗaya a shekara ba sai ya roƙa ba, abin da ta ƙiyasta zai kai kimanin fam 65 ga kowane gida. Hukumar ta faɗi a fili cewa tana fargabar wasu kamfanoni suna amfani da kuɗin jama'a wajen tafiyar da kasuwancin da ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Shawarar ba ta kai ga zama ƙa'ida ba, watanni kaɗan bayan haka abin da ake gudu ya auku.

Kafin a fahimci yadda ya auku, sai an koma baya kaɗan. Shekaru da dama manyan kamfanoni shida ne suka mamaye kasuwar, gwamnati da hukumar kuma suna son gasa, don haka aka sassauta sharuɗɗan samun lasisi. Zuwa 2018 kamfanonin da ke sayar wa gidaje wuta da gas sun kai kusan 70, kuma da yawa daga cikinsu ƙanana ne da suka shigo da jari ɗan kaɗan. Hanyar da wasunsu suka bi mai sauƙin ganewa ce. Su sa farashi mafi araha a shafukan kwatanta farashi na intanet, su karɓi kuɗin wata guda tun kafin su ba da wuta ko ta kwana ɗaya, su tara rarar lokacin zafi, sannan su yi amfani da ita wajen ɗaukar nauyin sababbin shiga. Kamfani mai hangen nesa yakan sayi makamashin da zai buƙata tun watanni kafin lokaci a kan farashin da aka tsayar, domin kada tashin kasuwa ya rutsa da shi, amma yin hakan yana buƙatar jari da jingina, kuma wasu daga cikin waɗannan kamfanoni ba su yi shi yadda ya kamata ba. Binciken da Ofgem ta sa kamfanin Oxera ya gudanar, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa tsarin ya bai wa masu irin waɗannan kamfanoni damar yin caca da kuɗin da ba nasu ba: idan kasuwa ta yi kyau riba tasu ce, idan ta juya kuma asarar ta hau kan jama'a.

A rabin ƙarshe na 2021 farashin gas a kasuwar duniya ya yi tashin gwauron zabo, tun ma kafin Rasha ta mamaye Yukiren a Fabrairun 2022. A lokaci guda kuma akwai iyakar farashi da aka kafa tun Janairun 2019, wadda ta hana kamfanoni ɗora wa gidaje ƙarin nan take. Wanda bai sayi makamashinsa da wuri ba sai ya wayi gari yana saye da tsada yana sayarwa da araha. A watan Satumba kaɗai kamfanoni da dama suka durƙushe, mafi girma a cikinsu shi ne Avro Energy mai abokan ciniki kimanin 580,000. A Nuwamba aka zo kan Bulb, wanda yake da fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma saboda girmansa babu kamfanin da zai iya haɗiye shi dare ɗaya, sai gwamnati ta sa aka naɗa masu kula da shi, ta riƙa ɗaukar nauyinsa da kuɗin baitulmali har zuwa Disambar 2022 lokacin da Octopus Energy ya karɓe shi. Ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati na ƙasar ya ƙirga kamfanoni 29 da suka faɗi daga Yulin 2021 zuwa Mayun 2022, abin da ya shafi gidaje kusan miliyan huɗu.

A nan ne masu kare tsarin suke da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta. Babu gidan da aka yanke wa wuta saboda kamfaninsa ya karye, kuma rarar gidaje ba ta salwanta ba. Idan kamfani ya faɗi, Ofgem tana zaɓar wani ta miƙa masa abokan cinikin, shi kuma ya amince zai biya kowane gida rarar da yake bi. Wannan kariya ta gaskiya ce. Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce, daga aljihun wa kuɗin suke fitowa, tunda na asalin an riga an kashe su? Kamfanin da ya karɓi mutanen yana da damar neman a biya shi abin da ya kashe, kuma ana tara wannan kuɗi ne ta hanyar ƙara shi a kan kuɗin wuta da gas na kowa da kowa a ƙasar. Lokacin da iyakar farashi ta tashi da kashi 54 cikin 100 a Afrilun 2022, daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 a shekara ga matsakaicin gida, fam 68 daga ciki na biyan ɓarnar kamfanonin da suka faɗi ne. Ofishin binciken ya ƙiyasta jimillar nauyin, ban da na Bulb, a kan fam biliyan 2.7, wato kusan fam 94 a kan kowane gida. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi na sayen gas da wuta ne da tsada domin mutanen da aka sauya wa kamfani, rarar da aka maido wani ɓangare ne kawai. Duk da haka abin da ya faru ke nan: tsohuwar da ke zaune a gidan haya tana sa kuɗi a mitarta fam goma-goma, wadda ba ta taɓa tara rara ba kuma ba ta taɓa sauya kamfani ba, ita ma ta sa hannu wajen biyan kuɗin da wani kamfani ya karɓa daga wasu ya kashe. A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin, domin haɗarin da mutum ɗaya ya ɗauka bai tsaya a kansa ba.

Ita kanta kariyar ba ta hana wahala. Kafin sabon kamfani ya biya, sai ya samu bayanan asusu daga hannun waɗanda kotu ta naɗa su tattara kadarorin tsohon, kuma kamfanin da ya faɗi saboda sakaci da kuɗi ba kasafai ake samun littattafansa a tsare ba. Mutane da yawa sun jira watanni kafin rararsu ta bayyana a sabon asusu, a daidai lokacin da aka mayar da su kan farashi mafi tsada kuma hunturu ya kankama. Wanda ya ɗauki hoton mitarsa a ranar da labarin ya fito, ya kuma sauke takardun kuɗinsa na baya kafin a rufe shafin kamfanin, shi ne yake da abin nunawa idan lissafi ya saɓa. Wanda bai yi ba sai ya karɓi abin da aka ce masa. Masu ƙananan sana'o'i kuwa, kamar mai shagon aski ko mai gidan abinci, ba su da wannan tabbaci ma gaba ɗaya, domin alkawarin kare rara na asusun gidaje ne. Asusun kasuwanci yana iya shiga layin masu bin kamfanin bashi, ya samu abin da ya samu.

Bayan wannan girgiza an yi muhawara mai zafi kan ko a tilasta wa kowane kamfani ya killace rarar jama'a a wani asusu daban da ba zai taɓa ba. Centrica, mai kamfanin British Gas, ya tsaya kai da fata a kan a yi hakan, wasu kamfanonin kuma suka ce killacewar za ta sa su nemi jari a wani wuri da tsada, a ƙarshe kuma gidaje ne za su biya. Ofgem ta fara karkata ga killacewa a tsakiyar 2022, daga baya ta janye. Hukuncin da ta yanke a 2023 shi ne, ta bar wa kanta ikon umartar kamfanin da ta ga ƙafarsa tana rawa ya killace rarar, ta kuma ɗora wa dukkansu sharaɗin riƙe jari na kansu, inda aka sa musu burin fam 115 a kan kowane gida mai sayen wuta da gas daga ƙarshen Maris na 2025. Wannan ci gaba ne idan aka kwatanta da sakacin da ya gabata. Amma ma'anarsa ita ce har yau, a mafi yawan kamfanoni, rarar mai gida tana cikin jarin da ake juyawa, kuma tsaronta ya dogara ne ga hukumar ta hango matsala da wuri, abin da ta kasa yi a karon farko.

Ko da kamfani yana nan daram, rara mai yawa tana da nata asarar. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100, ke nan kuɗin da suka kwana shekara a hannun kamfani sun dawo da ƙarancin abin da za su iya saya. Babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, kuma mafi yawan kamfanonin makamashi ba sa biyan ko kwabo a kan rarar da suke riƙe da ita. Mai karatu da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa saboda addininsa zai iya cewa wannan bai dame shi ba, amma asarar tana riskarsa ta wata ƙofar. Gidan da yake da fam 500 kwance a wurin kamfanin wuta, alhali ya makara wajen biyan haya, ko yana jinkirta abin da zai aika wa iyaye a gida, ko ya ci bashi don sayen kayan makarantar yara, ya ajiye kuɗinsa ne inda ba su amfane shi ba a lokacin da ya fi buƙatarsu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓuya, wato rarar da babu ita. Adadin da ke kan takarda ya dogara ne ga karatun mita, kuma idan mai gida bai aika karatu ba, ko mitarsa ta zamani ta daina aikawa da kanta, kamfani yakan yi ƙiyasi. A takardu da yawa ana sa harafin E kusa da lambar da aka ƙiyasta, harafin A kuma kusa da wadda aka karanta da ido. Idan ƙiyasin ya gaza abin da aka sha, asusu zai nuna rara mai faranta rai watanni da dama, ranar da aka karanta mitar gaskiya kuma sai rarar ta rikiɗe ta zama bashi. Haka nan wasu kamfanoni ba sa fitar da lissafi sai bayan wata uku ko shida, don haka abin da mutum yake gani a manhajar wayarsa kuɗin da ya zuba ne, ba a kai ga cire na wutar da ya riga ya sha ba. Akwai ƙa'idar da ta hana kamfani waiwayar abin da ya wuce wata 12 idan laifin rashin lissafin nasa ne, amma kuɗin gas na shekara guda da ya faɗo lokaci ɗaya ya isa ya rikita kowane gida.

Rara tana kuma ɓata a wurin ƙaura. A 2014 Ofgem ta gano cewa manyan kamfanonin nan shida suna riƙe da fiye da fam miliyan 400 na asusun da aka riga aka rufe, kusan rabinsu na gidaje ne. Yanzu ƙa'ida ta ce kamfani ya fitar da lissafin ƙarshe cikin mako shida, ya kuma mayar da rara cikin kwanakin aiki goma bayan haka, in ya saɓa ya biya diyya, wadda aka ɗaga daga fam 30 zuwa fam 40 a farkon 2025. Sai dai ƙa'idar ba ta da amfani idan ba a san inda mai kuɗin yake ba. Wannan ya shafi 'yan uwanmu da ke can kai tsaye, ɗalibai da ma'aikatan jinya da likitoci waɗanda sukan sauya gidan haya kusan kowace shekara. Wanda ya gama karatu ya rufe asusun bankinsa ya hau jirgi zuwa Kano ko Abuja kafin lissafin ƙarshe ya fito, cek ɗinsa zai je tsohon adireshi ne, inda wani baƙo zai jefa shi a kwandon shara. Idan kuma mai asusun ya rasu, rarar haƙƙin magada ce, amma da wuya iyalin da ke cikin juyayi su tuna da kamfanin gas lokacin da ake tattara abin da mamaci ya bari.



Duk wannan ba ya nufin mutum ya kwashe rararsa duk lokacin da ya gan ta. Wanda ya nemi a mayar masa da fam 300 a watan Oktoba ya cire abin da aka tanada don Janairu ne, kuma abin da zai biyo baya shi ne bashi da ƙarin kuɗin wata. Lokacin da ya dace a duba shi ne ƙarshen sanyi, wajen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ya kamata asusun ya kai ƙasa. Idan a wannan lokaci, bayan an aika karatun mita na ranar kuma sabon lissafi ya fito, rarar ta zarce kuɗin wata ɗaya ko biyu, alama ce cewa abin da ake cirewa duk wata ya yi yawa. Karɓar rarar kaɗai ba ta wadatar ba, domin idan ba a rage kuɗin watan ba za ta sake taruwa kafin shekara ta zagayo.

Sharuɗɗan lasisi suna tare da mai gida a nan. Wajibi ne kamfani ya gina kuɗin wata a kan mafi ingancin bayanin da yake da shi, ya yi bayanin yadda ya kai ga adadin idan an tambaye shi, ya kuma mayar da rara cikin hanzari idan mai ita ya nema, sai dai in yana da dalili mai ma'ana wanda dole ya faɗa. A 2022 Ofgem ta binciki yadda kamfanoni suka ƙara kuɗin wata, ta umarce su da su sake duba asusun duk wanda aka ninka masa nasa ko fiye. Idan kamfani ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, mai gida ya shigar da ƙorafi a rubuce ya ajiye kwafi, ya kuma iya neman shawara kyauta daga Citizens Advice, ƙungiyar da ke bai wa jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, idan mako takwas suka cika ba a warware ba, ko kamfanin ya ba shi wasiƙar da ke cewa ba shi da sauran abin yi, yana da damar kai maganar gaban Energy Ombudsman, ofishin da ke sasanta irin wannan rikici ba tare da ya biya komai ba, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfanin idan mai ƙorafin ya amince da shi.